Ranar da na raka ƙanina sayen bindiga a Houston

Zafi ne ya fara tarbata a birnin Houston tun kafin ƙanina ya ƙaraso. Na fito daga filin jirgin sama na George Bush da yammacin wata Talata a watan Agustan 2024, sai na ji kamar an yafa mini bargon da aka tsoma a tafasasshen ruwa. Ni da aka haifa a Funtuwa, na yi karatu a Sakkwato, na ɗauka babu sauran ranar da za ta razana ni. Amma zafin gaɓar Tekun Mekziko iri dabam ne, gumi ya fito ya ƙi bushewa. Wata guda kafin zuwana guguwar da aka sa wa suna Beryl ta ratsa garin, ta bar gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 babu wuta, kuma har lokacin ana ganin shingayen katako a kwance da rassan itatuwa jibge a bakin titi. Da muka hau hanya sai ƙanin nawa ya ce, yana dariya, ai sun ɗanɗana zaman gida na mako guda, har da layin mai da fifita.

Auta muke kiransa, domin shi ne na ƙarshe a ɗakin Hajiya. Shekara 11 ke nan da ya tafi karatu, ya gama, ya zo gida ya ɗauki mata, ya koma, ya sami takardar zama ta dindindin. Sana'arsa sayen motoci a wurin gwanjo, waɗanda suka yi haɗari ko bankuna suka ƙwace, ya gyara abin da ke gyaruwa, ya loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Wata motar da kake gani a wajen dillalai a Kano ko Kaduna, ta yiwu ta hannunsa ta biyo. Saboda haka rabin rayuwarsa a kan titi take, daga filin gwanjo zuwa gareji, daga gareji zuwa tashar jiragen ruwa, sau da yawa da tsabar kuɗi a jikinsa, domin masu janwe da kanikawa ko a can ba su son a ce musu sai gobe.

Wanda bai ga Houston ba zai sha wuyar fahimtar matsayin mota a wurin mutanenta. Gari ne shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu kwari, ya bazu kamar ruwan da aka zubar a kan daɓe. Babbar hanyar da ake kira Katy Freeway, idan aka haɗa da titunan gefenta, a wani wurin takan kai layi 26. Sai ka yi tafiyar rabin awa ba ka ga mutum ɗaya yana taka ƙasa ba. A can mota ɗaki ce. A cikin ta Auta na ga darduma da gorar alwala da fulas da takalmin yaro wari guda da tarin takardun kwastan. Sai da muka gangaro kudu maso yamma, wajen titin Bissonnet da unguwar Alief, na fara ganin allunan shagunan 'yan Nijeriya masu garin kwaki da manja da tsire, sannan na ji jikina ya saki.

Kwana biyu aka bar ni na huta. A dare na uku, bayan yara sun yi barci, aka kawo mini maganar da ashe tun watan Mayu ake jirana da ita.

A watan ne Auta ya tsaya shan mai wajen ƙarfe 11 na dare. Yana riƙe da tiyo sai ya ji sanyin ƙarfe a bayan kunnensa. Samari biyu ne, ya ce babban cikinsu bai wuce sa'an ɗana na biyu ba. Suka karɓe waya da walat da kuɗin wata mota da ya karɓo, suka sa shi ya kwanta rub da ciki a kan siminti, suka tafi. Ba su taɓa lafiyarsa ba. Amma tun daga ranar, in ji matarsa, ba ya barcin kirki, ko leda iska ta kaɗa a bayan mota sai ya waiga. Ya yanke shawarar zai sayi ƙaramar bindiga mai sauƙin kuɗi ya ajiye a mota. Ita kuwa ta ce in dai ana neman yardarta, to ba a gidan da take da 'ya'ya uku ba. Suka yi ta ja har suka gaji, sai suka jingine maganar a kan cewa Yaya na nan tafe.

Dole in gaya wa mai karatu gaskiya, alƙalin da suka zaɓa ya zo da hukuncinsa a aljihu. A shekarar 2019 na taɓa kwanciya a cikin wata gonar masara kusa da Rijana, a hanyar Abuja zuwa Kaduna, daga la'asar sakaliya har bayan magariba, ina jin harbi da kukan mata, bayan direbanmu ya hango an tare gaba ya cusa motar cikin daji. Allah Ya kuɓutar da mu, amma ba duk waɗanda ke motocin gaba ne suka kwana a gida ba. A gonar nan babu abin da ya ci mini rai irin ganin hannuna fayau babu komai. Da wani ya zo mini da bindiga a lokacin ya ce in ba shi gidana, da na ba shi. Shi ya sa lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce, a watan Yunin 2022, jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kansu, manyan jami'an tsaro kuma suka ce gwamna ba shi da wannan hurumin, ina cikin masu cewa wanda ke kwana da soja a ƙofarsa ba zai gane ba.

A wurinmu Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba a rukunin da aka haramta, tare da bindigogin yaƙi, sai da izinin shugaban ƙasa. Doguwar bindigar farauta ta wajen Sufeto Janar ake nemanta, adaka kuma ta wajen kwamishinan 'yan sanda. A Texas abin a juye yake. Gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya ba jama'a 'yancin riƙe makami. Tun 2007 jihar ta yarda mutum ya ajiye ƙaramar bindiga a motarsa ba tare da lasisi ba, sannan daga 1 ga Satumban 2021, bayan Gwamna Greg Abbott ya sa hannu, duk wanda ya kai shekara 21, kuma doka ba ta hana shi ba, yana iya yawo da ita a ƙugunsa babu lasisi babu horo. Wani ƙiyasi da cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta fitar a 2018 ya ce bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Na ce wa Auta, kafin in buɗe baki, ya kai ni in ga kasuwar da idona, tunda gani ya kori ji.

Ranar Asabar muka tafi. Shagon yana tsakanin wurin wankin tufafi da wani mai sayar da taya, babu soja a ƙofa, babu buhunan yashi. Muna tura ƙofa wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa, kamar mun shiga kantin magani. Ciki sanyi ƙalau, sai ƙamshin mai irin na keken ɗinki. Dogayen bindigogi suna tsaye a jikin bango kamar rake a rumfa, ƙananan kuma a kwance cikin akwatunan gilashi, kowace da 'yar takardar farashi ɗaure da zare, yadda masu gwal ke jera sarƙa da ɗan kunne. A gefenmu wata mata da yaro a keken turawa tana tambayar ko akwai irin wadda take so a launin shuɗi.

Wani dattijo mai farin gemu da tabarau a kan karan hanci ne ya tarbe mu. Ya tambayi wane ne mai sayen, Auta ya ce shi ne. Da ya fito da ta farko ya ɗora a kan wani ƙyalle, ni kuwa da rawar jiki na miƙa hannu. Sai ya dafe ta a hankali ya tambaye ni ko mazaunin ƙasar ne. Na ce baƙo ne, da bizar ziyara na shigo. Ya ce in yi haƙuri, dokar tarayya ba ta yarda mai irin bizata ya riƙe bindiga ba, sai dai in yi kallo. Na koma gefe na harɗe hannu ina yi wa kaina dariya. A gida na rasa ta don ban san hanyar fadar shugaban ƙasa ba, a nan kuma don ni baƙo ne.

Auta ya ce abin da ya ware bai wuce dala 300 ba. Dattijon bai yi ko gezau ba, da alama yawancin masu shigowa haka suke faɗa. Ya fara da wata mai suna Hi-Point, ƙirar jihar Ohio, ƙasa da dala 200, baƙa, mummuna, mai nauyi kamar dutsen guga. Ya ce mutane suna yi mata ba'a, amma idan aka ja kunama tana tashi. Ya ɗauko Taurus G2c, ta wani kamfanin Brazil, wajen dala 250, mai cin harsashi 12 na milimita 9. Sannan ya fito da wadda ta ɗauke idon Auta, Ruger LCP, 'yar ƙarama da za ta ɓace a tafin hannu, ta shige aljihun riga ba a sani ba, mai harsashi 6. Ya nuna mana libarba ta Smith & Wesson mai ganga mai juyawa, harsashi 5, ya ce ita ce mafi ƙarancin rikici, da wuya ta cije, amma kuɗinta ya haura abin da Auta ya kawo. Glock ta Ostiriya, wadda 'yan sanda da yawa ke ratayawa, ya ce kada ma mu ɓata lokaci, daga dala 500 take farawa.

Auta ya riƙe 'yar ƙaramar yana juya ta kamar yaro da sabuwar waya. Dattijon ya bar shi ya gama, sannan ya yi masa bayanin da ni ban taɓa sani ba. Ya ce masu fara saye sukan ɗauka ƙaramar ta fi sauƙin sarrafawa, alhali ita ce mafi wuya. Rashin nauyinta ne ke sa duk ƙarfin harbin ya dawo wa hannu, ga mariƙin gajere, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, ga saitin kusa da kusa. An yi ta ne don aljihu. Wanda zai ajiye a mota ba ya bukatar mafi ƙanƙanta, yana bukatar wadda hannunsa ya cika da ita. Game da araha kuma ya ce bindigogi masu sauƙin kuɗi na wannan zamanin ba su cika ba da kunya ba, abin da ke cin kuɗi shi ne harsashin koyo, domin wanda bai harba ɗaruruwa a filin atisaye ba, ado kawai ya saya.

Daga nan sai ya cire tabarau ya tambayi Auta: “A ina za ta riƙa kwana?”

Auta ya ce a aljihun gaban mota.

Dattijon ya mayar da bindigar cikin gilashi ya rufe. Ya ce nan ne wuri na farko da ɓarawo ke dubawa, na biyu akwatin da ke tsakanin kujeru, na uku ƙarƙashin kujerar direba, kuma duka ukun ba sa ɗaukar sa minti guda. Ya ce akwai yaran da aikinsu ke nan, bin wuraren ajiye motoci da daddare suna jan ƙofofi suna fasa gilashi, ba ruwansu da rediyo ko tabarau, bindiga suke nema, har sukan zaɓi motocin da aka manna wa tambarin kamfanonin bindiga. Daga baya na ga rahoton wata ƙungiya mai suna Everytown, wadda ta bi alƙaluman hukumar FBI, tana cewa a 2022 fiye da rabin bindigogin da aka kai rahoton sace su a biranen da ta duba daga cikin motoci aka ɗauke su. Auta ya riga ya ba dattijon labarin gidan mai. Sai ya dube shi ya ce, ƙarfen nan da ka ji a bayan kunnenka, kada ka yi mamaki idan mutumin kirki irinka ne ya saya, a shago irin wannan, don ya kare iyalinsa, ya bar ta a mota ya shiga cin abinci.

Auta bai ce komai ba. Ni ma haka.

A bayan shagon akwai wurin gwaji. Ya karɓi hayar biyu, 'yar ƙaramar da Taurus, aka sa masa abin toshe kunne, ni kuma na tsaya ta bayan gilashi. An rataye takarda mai hoton ƙirjin mutum a nisan da bai wuce tsawon falo ba, kamar mita 6. Da ƙaramar, cikin harbi 6 biyu ne suka taɓa takardar, ɗaya ma a gefe. Na ga yadda take zabura a hannunsa kamar kifin da aka ciro daga ruwa. Da Taurus ɗin ya yi dama-dama. Wannan fa a cikin haske ne, da sanyin na'ura, takarda tana tsaye ba ta motsi, babu mai yi masa tsawa.

A tsaye a bayan gilashin nan na koma gonar Rijana, na yi lissafin da shekara biyar ban yarda na yi ba. Mutanen da suka tare hanya ranar ba biyu ba ne, ba biyar ba, kuma irin ƙarar da na ji ta manyan bindigogi ce masu aman wuta. Da ina da fistol mai harsashi 12 a hannu, abin da za ta yi mini shi ne ta gaya musu layin masarar da nake kwance. Shiru ne ya cece ni, da duhu, da ikon Allah. Ban ji daɗin wannan lissafin ba, domin ya ƙwace mini wani abu da na daɗe ina jingina da shi.

A mota na tambayi Auta. Na ce ranar da abin ya faru hannunka yana kan tiyo, ƙarfe yana bayan kunnenka, bindigar da kake so kuma da tana cikin mota, taku uku daga inda kake. Me za ta yi maka?

Ya daɗe yana kallon titi. Ya ce, “Yaya, na sani. Na yi wannan tunanin sau ɗari. Amma ka san yadda mutum yake ji idan yaro ya ce masa kwanta, ya kwanta? Kamar akuya aka kayar. Ni ba na son in sake jin haka.”

Na sani sarai. Ban da amsar da zan ba shi.

Da daddare matarsa ta nemi izinin magana. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗaya daga cikin asibitocin garin, ta saba ba Turawa umarni, amma a gabana sai ta zauna a bakin kafet, ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai kamar muna Funtuwa. Ta ce, “Yaya, a yi mini afuwa idan na yi tsaurin ido. Ni nake ganin waɗanda ake kawowa.” Ta ce a shekarunta na aiki ba ta tuna ranar da aka kawo ɗan fashin da mai mota ya harba ba. Waɗanda take tunawa su ne yaron da ya tsinci ta babansa, da matar da mijinta ya fusata, da mutumin da bashi ya yi wa yawa ya juya wa kansa. Na duba daga baya, alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu da hannunsu suka yi.

Ta tuna mana Philando Castile, baƙar fata, wanda ɗan sanda ya tsayar a jihar Minnesota a watan Yulin 2016. Yana da lasisi. Da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa akwai bindiga a jikinsa, cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi a kujerarsa, ga budurwarsa a gefe, ga yarinya 'yar shekara 4 a baya, duniya ta gani a Facebook. A shekara ta gaba kotu ta wanke ɗan sandan. Ta ce mijinta baƙi ne, ga gemu, ga suna irin namu, ga harshe da ke nuna daga inda ya fito, kuma a sana'arsa kullum yana cikin motar da takardunta ba su gama komawa sunansa ba. Yanzu idan an tsayar da shi, tara ce mafi muni. Ranar da akwai bindiga a motar, lissafin ya sauya.

Sai ta ɗago kai, karo na farko, ta ce, “Sannan Yaya, kai ka raine shi. Ka san zuciyarsa.”

Nan ta kama ni. Auta mutum ne mai kyauta da saurin yafiya, amma tun yana yaro idan ransa ya ɓaci sai ya yi kafin ya yi tunani, ni na sha zuwa biyan kuɗin ɗinkin goshin 'ya'yan maƙwabta. Titunan Houston kuwa ba su rasa masu tsokana. A watan Yulin 2021 an harbe wani yaro ɗan shekara 17 a cikin motar mahaifinsa, suna dawowa daga kallon wasan ƙungiyar Astros, a kan saɓanin ba da hannu a titi. Duk garin ya san labarin. A wurinmu direbobi biyu sukan fito su zazzagi juna, su ci kwala, jama'a su raba, kowa ya tafi yana huci. A inda kowa ke zaton ɗan'uwansa yana da bindiga a ƙarƙashin kujera, ba a kai wa ga cin kwala.

Na kwana ina juyi. Da safe bayan mun idar da salla na faɗi abin da na gani. Ban hana shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa nan da mako biyu zan hau jirgi in bar shi da gidajen mai na dare. Na kuma san idan na hana, zai iya saye a ɓoye, domin a Texas mutum yana iya sayar wa mutum hannu da hannu babu binciken kowa, kuma ɓoyayyiyar bindiga a gidan yara ita ce mafi sharri. Na ce zai saya, amma sai ya shiga ajin lasisin jihar ko da doka ba ta tilasta ba, awa 4 zuwa 6 na karatu da gwajin harbi 50. A mota za ta zauna cikin akwatin ƙarfe mai makulli, ɗaure da igiyar ƙarfe a ƙafar kujera, ba za ta taɓa kwana a waje ba, kuma ranar da ya ɗauki yara ba za ta bi su ba. Na ƙara da cewa duk ranar da matarsa ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta kira ni, a sayar. Auta ya ce akwatin zai rage masa sauri. Na ce da gangan ne.

Ita kuwa ta ce, “To, Yaya,” irin to ɗin da duk mai mata ya san fassararta. Har na baro ban tabbata na yi mata adalci ba.

Ranar Litinin muka koma. Taurus ɗin ya ɗauka. Aka ba shi takardar gwamnatin tarayya mai lamba 4473, ya amsa tambayoyi: ko an taɓa ɗaure shi a kan babban laifi, ko yana shan ƙwaya, ko kotu ta taɓa samun sa da dukan iyali, ko don kansa yake saye. Dattijon ya shigar da bayanan a kwamfuta, aka tura wa FBI, amsa ta dawo kafin in gama shan lemon da na saya a ƙofa. Babu kwanakin jira. Na taɓa ɓata lokaci fiye da haka wajen sabunta layin waya. Da aka haɗa akwatin mota da na gida da kube da harsashi da kuɗin aji da dala 40 ta lasisi da haraji, abin ya haura dala 500, wajen naira 800,000 a canjin lokacin. Dattijon ya yi murmushi ya ce ai ga shi mun biya kuɗin Glock ɗin da muka guje wa.

Daga ranar garin ya sauya mini kama. A da motoci nake gani, yanzu sai na riƙa ganin aljihunansu. Na fara lura da allunan da ke manne a ƙofar asibitoci da wasu kantuna, masu lambobi 30.05 da 30.06 da 30.07, da Turanci da Sifaniyanci, waɗanda ke hana shiga da bindiga. Sai na gane kowane allo yana nufin akwai wanda zai juya ya bar tasa a mota, a filin da babu mai gadi. Wata rana mun je Galveston, bakin teku, yara suna wasa da yashi, ni kuwa idona yana kan jerin manyan motocin a-kori-kura da ke gasuwa a rana, ina ƙirga abin da ban gani ba.

Ranar tafiyata shi kaɗai ya kai ni, da akwatin a ƙarƙashin kujerarsa. Muna kan babbar hanya, ana gudu, sai wata jar mota ta yanko gabanmu babu sigina, har Auta ya taka birki jakata ta faɗo. Ya danna ham. Mai jar motar ya zuge gilashi ya fito da hannu ya yi mana alamar zagi, ya rage gudu da gangan. Na ga jijiyar wuyan Auta ta tashi. Na ga hannunsa na dama ya saki sitiyari ya yi ƙasa. Ban yi magana ba, numfashi ma ban yi ba. Hannun ya tsaya a kan cinyarsa, ya daɗe a nan, yatsun suna motsi, sannan ya ɗago ya ƙara ƙarfin na'urar sanyi. Ya sa sigina ya koma layin dama, jar motar ta ɓace cikin sauran. Bai dube ni ba, ni ma ban tambaye shi inda hannun ya nufa ba.

A ƙofar filin jirgi ya rungume ni ya ce, “Yaya, don Allah kada Hajiya ta ji.”

Na sauka Abuja, na bi jirgin ƙasa zuwa Kaduna, duk da shi ma an tare shi a watan Maris na 2022, daga can na hau mota zuwa Funtuwa da rana tsaka. Hajiya ta karɓi tsarabarta, ta sa aka nuna mata hotunan jikoki a waya, ta tambayi ko suna jin Hausa. Sannan ta ce, “Shi kuma Autan, hankalinsa kwance yake a can?” Na ce lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Ta ɗaga hannu ta ce alhamdu lillahi, gara shi, ya tsira daga ƙasar bindiga.

Hajiya ba ta karanta jarida. Ku 'yan unguwarmu da kuke karantawa, na roƙe ku.